Yadda Ɗalibin Zane Zai Kama Haske da Iska a Zangon Kumasi

Ɗalibin da ke koyon zane a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi a Ghana, ba ya bukatar tafiya nesa neman abin zanawa, domin lungu guda a unguwar Aboabo ko Asawase ya ishe shi. Ya zaɓi wuri ɗaya, ya nemi izinin masu gida, sannan ya riƙa zuwa a lokaci guda kullum, ko da hantsi ko bayan la'asar. Tsakar rana ba ta da amfani sosai, saboda Kumasi na kusa da layin da ya raba duniya biyu, inuwa kuma takan maƙale a ƙarƙashin ƙafa.

Da inuwa ake farawa. Da zarar ka zauna, shata iyakarta a bango da ƙasa, kada kuma ka sake taɓa wannan layin ko da ta gusa, domin mai bin inuwa da fensir ba ya gama zane. Daga nan ka shafe takardar da gawayi sama-sama, ka ɗauki roba ko tsakiyar burodi ka ɗage baƙin daga inda rana ta bugi kwanon rufi ko gefen tukunya. Fari tas wuri ɗaya ko biyu kawai za ka bari, in ya yi yawa hasken ya mutu.

Ita iska, aikinta ake zanawa. Dubi zanen ɗaurawa da aka shanya a igiya, yadda cikinsa ke kumbura, bakinsa na ƙasa ya ɗaga, igiyar ta lanƙwasa, ka kuma lura da hayaƙin murhun mai koko. Jira kaɗawar ta maimaitu sau biyu ko uku, sannan ka ja layin da sauri daga kafaɗa, ka tabbata tufa da hayaƙi da ganye duk gefe guda suka karkata. A ganina, hoton waya ba ya koyar da wannan. Ya fi kyau ɗalibi ya nazarci zanen kasuwanni na Ablade Glover, wanda aka haifa a Accra a 1934 kuma ya daɗe yana koyarwa a KNUST kafin ya yi ritaya, ya ga yadda ɗigon fenti mai kauri ke sa taro motsi.

Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yakan dusashe inuwa, abin da ke nesa ya koma ruwan toka, don haka a sassauta baƙi. Fentin ruwa ma yana saurin bushewa a lokacin, sai a dama isasshe tun kafin a ɗora buroshi.