Kafin ki amsa gayyatar gonar inabi ranar iyaye mata

Kwanakin baya wata ƙanwarmu da ta sauka Toronto, a lardin Ontario na Kanada, bara ta kira ni tana murna, wai abokan aikinta za su kai ta gonar inabi ita da mahaifiyarta don bikin ranar iyaye mata. Na ce, "Ƙanwata, wane inabi ne yake nuna a Ontario cikin watan Mayu?" Ta yi shiru. Ita ce ta uku da ta zo mini da wannan zancen, kuma ba wadda ta tsaya ta tambayi me ake yi a wurin kafin ta ce to.

Ranar kanta ba ta da wuya. A Kanada da Amurka Lahadi ta biyu ce ta watan Mayu. Yara za su zo miki da kati daga makaranta, ki karɓa ki sa musu albarka. Gidajen abinci suna cika, sai a kama wuri da wuri. Shi ke nan.

Inda ake faɗawa tarko shi ne yankin Nayagara, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga Toronto. Mu in an ce gona, sai mu hango kunya-kunya da kwandon ɗiban amfani. Su kuwa wurin haɗa giya suke nufi. Inabi sai Satumba zuwa Oktoba ake girbinsa, a Mayu ganye ma yanzu yake tohowa. Abin da ake zuwa yi yana cikin ɗakin ɗanɗano: doguwar kanta, ƙananan tambulan a jere, ana zuba maka giya kala-kala kana kurɓa.

Ni da Hajiyata abin ya same mu. Na sha wahala kafin ta samu bizar nan ta iyaye, wadda sai an saya wa tsohuwa inshorar lafiya mai iya biyan kuɗin magani na aƙalla dala 100,000 ta Kanada, don haka da ta iso ba abin da nake so kamar in nuna mata gari. Maƙwabciyata, mace mai kirki wadda ta sha taimaka mini da yara, ta ce ta biya mana kuɗin wuri tare da tata uwar. Muna shiga na ga manyan gangunan katako da kwalabe har rufi, gabana ya faɗi, amma kunya ta rufe mini baki. Na ce a raina mu zauna kawai, ba za mu taɓa komai ba. Na fita amsa waya, minti uku ban yi ba. Ina dawowa na tarar da Hajiya riƙe da ɗan tambulan mai ruwan zinariya, tana cewa, "Ke, wannan zumar tasu tana da zafi a maƙogwaro."

Giyar ƙanƙara ce, abin da Nayagara ta yi suna a kai. Ana barin inabin a jikin kurangarsa har sanyi ya kai digiri 8 ƙasa da sifili, a tsinke shi a daskare, a matse. Zaƙi gare ta kamar zuma, barasar cikinta kuma tana kai wajen kashi 10 cikin 100. Da na faɗa mata a mota, ba ta yi mini faɗa ba, istigfari kawai take yi har muka iso gida. Matar da ta haura saba'in, ta je Makka sau biyu, a hannuna wannan ya same ta. Maƙwabciyata kuwa har kuka ta yi, ta ce da kalma ɗaya na faɗa da ta canza wuri.

Gaskiyarta ne. Mutanen nan in ka ce ba ka shan giya kuma ba ka zama inda ake sha, ba sa jin haushi. Kawaicin da muke taƙama da shi a gida su ba su san shi ba, shirunki amincewa ce a wurinsu. Ki tambayi sunan wurin, ki duba a intanet tun a ranar. In kuma kin tsinci kanki a irin wannan tebur, ki kula da farantin yankakken nama da cuku, yawancinsa alade ne, kuma akwai miyar da ake dafawa da giya. Ruwan tuffa ma iri biyu ne, mai barasa da marar barasa, sai an duba lambar kason barasa a jikin kwalba.

Alhamdu lillahi, matanmu na nan sun iya shirya nasu. A yi dambun shinkafa da zoɓo, a ɗebi tsofaffi a kai su kallon ruwan Nayagara, tsayawa a bakinsa kyauta ne, mota kawai za a biya wa wurin ajiyewa. Ƙanwar tamu ta koma ta yi wa abokan aikinta bayani, sun mayar da fitar lambun furanni na Burlington. Na ce ta sa wa Mama rigar sanyi, don iskar bakin tafkin Ontario a watan Mayu ba ta san an shiga bazara ba.