Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Nazarin Tagwayen Ilektiron a Ƙananan Na'urorin Kwantam

Idan aka lulluɓe siririyar wayar samikondokta (abin da ke tsakanin mai ɗaukar lantarki sosai da wanda ba ya ɗauka), kamar ta indiyam asinaid, da aluminiyam, aka sanyaya ta ƙasa da Kelvin 1.2 (dab da matuƙar sanyin da zai yiwu), sai wayar ta ari halin sufakondokta (abin da lantarki ke ratsawa ba tare da turjiya ba), ilektiron ɗinta su riƙa tafiya bibbiyu. Tun daga nan masu koyo kan yi tuntuɓe, domin suna ɗaukar waɗannan tagwayen ilektiron, da masanin kimiyya Leon Cooper ya bayyana a 1956, tamkar ƙwallaye biyu da aka manne. A aluminiyam tsantsa, tazarar da tagwayen ke iya mamayewa tana kai kusan nanomita 1,600, wadda ta zarce kaurin wayar nesa ba kusa ba. Gyaran shi ne a yi lissafi da tsarin da masanin kimiyya Andreev ya kawo a 1964: ilektiron da ya iso iyakar waya da sufakondokta da ƙarancin kuzari ba ya ƙetarawa shi kaɗai, sai ya ja ɗan'uwansa, gurbin da ɗan'uwan ya bari kuma ya komo baya cikin wayar.

Wajen auna cuɗanyar raƙuman kwantam a na'ura mai siffar zobe, kuskuren da ya yawaita shi ne dogaro da faɗin zoben kamar yadda aka zana shi. Tagwaye suna sa sigina ta maimaitu duk bayan h/2e na maganaɗisun da ke ratsa zoben (h tsayayyen adadi ne na kwantam, e kuma cajin ilektiron), ilektiron guda kuwa h/e, wato ninki biyun wancan, saboda haka kuskure a faɗin yana iya sa a karanta ɗaya a madadin ɗaya. Sufakondokta yana ture maganaɗisu ya tara shi a mahaɗa, wato ɗan gibin da ke tsakanin sassan sufakondokta, don haka dole a saka wannan a lissafi.

Kuskure mafi tsada, a ganina, shi ne gaggawar kiran duk wani tudu da ya bayyana a jadawalin awon lantarki a sifirin boltej alamar Majorana, wato wani yanayin kwantam na musamman da ake hasashen samu a bakunan irin wannan waya. Tun 2012, da masu bincike a Delft ta ƙasar Holan suka ga irin wannan tudu, aka yi ta ɗoki, amma daga baya ta tabbata cewa ƙazanta a cikin waya ko ilektiron da ya maƙale a bakin mahaɗa suna iya haifar da siffa iri ɗaya. Har wata maƙala da mujallar Nature ta buga a 2018 an janye ta a 2021. Wanda yake son kauce wa wannan, ya auna bakunan wayar biyu lokaci guda, ya sauya boltej ɗin ƙofa (wanda ke daidaita yawan ilektiron a cikin wayar) da ƙarfin maganaɗisu a fage mai faɗi, ya kuma nuna dukkan bayanansa, ba waɗanda suka yi masa daɗi kaɗai ba.

Akwai kuma zaton cewa sanyin da ma'aunin firji ya nuna, misali miliKelvin 20, shi ne sanyin ilektiron. Hayaniyar lantarki da ke biyo wayoyi daga ɗaki tana ɗumama su, ta dusashe sigina, sai an sa matatai a kowane layi an kuma auna zafin ilektiron ɗin dabam.