Yadda za ki dafa tempe ba tare da kin kashe amfaninsa ba

Tempe dai abincin mutanen tsibirin Java ne a Indonesiya, da waken suya ake yinsa, a dafa waken a cire ɓawo a zuba masa wata irin fumfuna mai suna Rhizopus, a naɗe a ganyen ayaba ya kwana ɗaya zuwa biyu a wuri mai ɗumi har farin saƙar fumfunar ta ɗinke waken ya zama curi guda. Kar ki haɗa shi da awara fa, ita awara madarar waken ake tatsewa a ba dabbobi dusar, shi kuwa tempe waken ne sukutum, shi ya sa yake riƙe ciki.

Dafaffensa giram 100 yana da furotin wajen giram 20, mai wajen giram 11, kalori kusan 195, ga kalsiyam da sinadarin ƙarfe. Kuma ruɓawar nan da ya yi tana rage sinadarin da ke cikin wake mai hana jiki tsotsar ƙarfe, kin ga ta nan ya fi dafaffen wake zalla. Amma masu cewa ya isar miki bitamin B12, a'a, ki nemi ƙwai ko kifinki.

To da farko ki duba shi, ɗan ɗigon baƙi ba komai ba ne, amma in ya yi yauƙi ko yana wari mai hawa kai ki zubar kawai. Ki yanka shi kamar yankan awara ki sa a madambaci ya turaru minti 10 zuwa 15, wannan ne ke cire ɗan ɗacin nan, kuma ɗanye dai ba a cinsa. Tun da zafinsa ki jiƙa shi a ruwan gishiri da tafarnuwa da citta, lokacin ne yake shan kayan ƙamshi sosai.

Wajen suya ne ake ɓarnar. Su can Java suna tsoma shi a mai tsundum, yana da daɗi wallahi ba ƙarya, amma shan mai gare shi kamar soso, kalorin nan 195 sai dai labari. Ni cokali ɗaya na mai nake sawa a kasko, kowane gefe minti 3 ko 4 har ya yi ja, ko in jefa shi a miyar tumatir bayan na turara. In kin sauke ki matsa lemun tsami, yana taimaka wa jiki ya ɗauki ƙarfen da ke ciki.