Garwa zuwa Lagdo a keke: yadda ake yinta ba tare da rana ta ƙona ka ba

Ni dai tun da na fara hawan keke na nisa babu hanyar da ta kwanta min a rai kamar ta Lagdo, garin da ke da madatsar ruwa da babban tafki a arewacin Kamaru, shi yasa duk wanda yace min yana so ya gwada fita daga Garwa a kan keke, can nake fara tura shi. Tafiyar kusan kilomita 65 ce zuwa kawai, wato idan kace zaka je ka dawo rana ɗaya ka ɗora wa kanka 130, kuma gaskiya bana ba sabon shiga wannan shawarar. Ka je ka kwana, washegari ka juyo.

Abu na farko lokaci ne, kuma shi ne rabin tafiyar. Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu nan ne daidai, ruwan sama ya ɗauke, safiya da sanyi, hazon hunturu ya rage kaifin rana. Maris da Afrilu kuwa dan Allah ka bar keken a zaure, duk ɗan Garwa ya san zafin watannin nan yana haura 40, kwalta har wani tururi take yi, ruwan da ke gorarka kafin ƙarfe goma ya koma kamar na shayi. Da damina ƙasar tayi kyau sosai, kore ko'ina, amma hadari baya sallama, ga shi daga Yuli zuwa Satumba ake rufe kamun kifi a tafkin don kifi ya hayayyafa, toh kaga ka je ka tarar da bakin ruwa shiru.

Kayi sallar asuba, ka jira gari ya ɗan waye yadda direba zai iya hango ka, ka tashi. Kar ka tsaya karin kumallo mai nauyi, kunu da ƙosai biyu uku sun isa, sauran a Ngong, garin da zaka huta a hanya.

Keken ba dole sai na tsere mai siririyar taya ba, hasali ma wanda tayarsa ke da ɗan faɗi yafi daɗin hanyar nan, muddin yana da giya kuma birkinsa na kamawa gaba da baya. Kwana biyu kafin tafiya ka kai wa mai gyara ya duba sarƙa ya sa mata mai, ya ɗaure wayoyin taya, ya daidaita maka sirdi yadda in feda ta sauka ƙasa ƙafarka zata kusa miƙewa, domin sirdi in yayi ƙasa gwiwa ce ke biyan kuɗin. Nace kwana biyu ne saboda ka samu ka zaga gari dashi ka ji ko akwai abin da ke ƙara. A jaka: tiyub biyu, faci da sholisho, famfo, sifana, fitila, katin shaidarka tunda akwai shingen jandarma a hanya, da ƙananan kuɗi na sefa don a ƙauye canji wahala yake. Ruwa lita uku aƙalla, ɗaya daga ciki ka jefa masa ɗan gishiri da sukari, ka naɗe gorar da jiƙaƙƙen tsumma iska na bugunta tana hucewa. Dabino da gyaɗa a aljihu.

Da ka haye gadar kogin Binuwai ka kama babban titin da ya nufi Ngawundere, kudu kenan. Wannan yankin zuwa Ngong, wajen kilomita 40, shi ne mafi haɗari, ba don hawa ba, don hanyar shimfiɗaɗɗiya ce sai ɗan tudu da gangare, matsalar manyan motoci ce. Duk kayan da jirgin ƙasa ya sauke a Ngawundere zai wuce Marwa ko Chadi ta nan yake bi, ga tankokin mai, ga motocin kamfanin auduga na SODECOTON a daidai wannan lokacin na rani da ake kwasar auduga daga ƙauyuka. Ka riƙe hannunka na dama, in kun kai biyu ku jera ɗaya bayan ɗaya, kar ka toshe kunne da waƙa, in kaji hon mai kauri a bayanka kuma ga wata tana tahowa daga gaba, sauka gefe kawai ka tsaya, babu kunya a ciki. Iskar tirela ita kaɗai tana iya ture mutum.

Amma gefen titin ma da nasa sharrin. Wata tafiyar na sauka don in ba wata babbar mota hanya, na bi ta cikin busasshiyar ciyawa kamar taku ashirin, ban kai ko'ina ba naji tayar baya ta kwanta, da na duba tsidau ne har guda huɗu sun shige. Darasin da na ɗauka shi ne in ka sauka daga kwalta ka tsaya cak ko ka ɗaga keken, kuma kafin ka sa sabon tiyub ka bi cikin tayar da yatsa a hankali ka ciro ƙayar, in ba haka ba sabon ma hujewa zai yi nan take.

A Ngong ka huta sosai, ka sha shayi da burodi, ka cika gorunanka ko da basu ƙare ba, akwai masu faci in kana da matsala. Sannan ka tambayi mahaɗar Lagdo, zaka bar babban titi ka yi hagu wajen gabas, saura kamar kilomita 25. Daga nan ne daɗin yake farawa wallahi. Motoci sun ragu, sai babura da amalanken shanu, gonakin auduga da masara da aka girbe, tulin auduga fari tas a bakin ƙauye ana jiran awo, garken shanun Fulani na tsallaka hanya. In ka tarar dasu ka tsaya su wuce, kar ka kutsa tsakiya. Ka lura da ramuka, ka kuma lura da iska, domin ta hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da safe tana tura ka ta baya a babban titi, amma da ka juya gabas zaka fara jinta a fuska, toh ka sauko da giya ka riƙa juya feda da sauƙi, kar ka yi kokawa da ita.

Can zaka fara hango duwatsu, daga nan sai ruwa ya buɗe maka gaba ɗaya. Madatsar nan Sinawa ne suka gina ta a kan Binuwai tsakanin 1977 da 1982, tafkin ya kai murabba'in kilomita 586, kuma injinanta huɗu ne ke ba arewacin Kamaru wutar lantarki. Ita ce dai wadda 'yan uwanmu na Najeriya ke ambata duk sanda aka saki ruwa, kamar a 2012 da ambaliya ta ci garuruwa tun daga nan har jihohin Adamawa da Binuwai. Wurin akwai masu tsaro, kar ka ciro waya ka hau ɗaukar hoton madatsa sai ka nemi izini.

Ni abin da ke kai ni shi ne bakin ruwa inda masunta ke sauke kifi. Hausa zaka ji ana yi ko ta ina, gauraye da Fulatanci, kwale-kwale na isowa ana rububin karfasa da tarwaɗa, in anyi sa'a har giwan ruwa, mata na gefe suna banda, hayaƙi na shiga ido. Ka zaɓi karfasarka a gasa maka da yaji, bayan awa biyar a kan sirdi babu abincin da zai kai ta. Sai dai duk yadda zafi ya dame ka kar ka faɗa ruwan nan, akwai dorina kuma bata wasa, ga tsargiya a ruwan gefe da baya gudu. In kana son zagaya tafkin ka bar keken wurin mai masauki, ka shiga jirgin wanda ya san ruwan.

Masu ƙarfin ƙafa da yamma suna iya leƙa gonakin shinkafa na rani da ke ƙasan madatsa, hanyar ƙasa ce mai gargada, ka ɗan rage iskar taya kafin ka shiga, ka dawo kafin magariba, don ba'a yawon keke da dare a wajen gari. Ka kuma sanar da wani a gida inda ka kwana.

Komawa ita ce mai wuya, tunda daga Ngong arewa zaka fuskanta kuma iskar da ta taimake ka jiya yau ita zata tare ka, shi yasa ka tashi da wuri fiye da jiya, kafin ta yi ƙarfi wajen hantsi. In ka iso Ngong kaji cinya ta ƙi, ko kai na sarawa kuma gumi ya daina fita, kar ka matsa, ka shiga inuwa ka sha ruwan gishirin nan, ka nemi motar Garwa a ɗaure maka keken a sama, ka dai tsaya a kai lokacin ɗaurin kar igiya ta danne wayoyin taya.