Yadda ake sake tatsar kuran daga uraniyom ɗin da ya gama aiki

To ƴan uwa na Damagaram, uraniyom ɗin nan da ake haƙowa a Arlit tun 1971, in ya yi ƴan shekaru cikin tukunyar nukiliya da ke ba da kuran sai a fiddo shi a ce ya gaji. Wallahi bai gaji ba, kusan kashi 96 cikin 100 na shi ana iya sake moriyarsa, mu kuwa ga mu nan watan zafi kuran na ɗaukewa muna fifita da kwali. Ga dai yadda ake yi.

Da farko ba a kusantarsa. Sandunan da uraniyom ɗin ke ciki na fitowa da zafi da wani tururi mai kisa da ido ba ya gani, sai a nutsa su cikin kwarmin ruwa mai zurfi su shekara da shekaru, ruwan na huce su yana kuma tare tururin. Daga nan a ɗura su a manyan tukwanen ƙarfe a kai luzin La Hague a Faransa, a daddatse su gutsi-gutsi a narke cikin asid, kuma duk injina ke wannan aikin ta bayan katanga mai kauri, ba mai sa hannu.

Sai rabewa, kamar shiƙar hatsi. Uraniyom gefe guda, fulutoniyom (wani ƙarfe da ke samuwa cikin sandunan sa'ad da suke tukunya) wajen kashi 1 gefe guda, fulutoniyom ɗin ake gaurayawa da uraniyom a luzin Melox a Faransa a yi sabon makamashi mai suna MOX ya koma tukunya. Dattin da ya rage wajen kashi 4 a haɗa shi da narkakken gilas a rufe a ajiye.

Shi ma dattin yana ba da zafi fa. Tarayyar Sobiyet ta ciri wani sinadari mai zafi da tururi, sitironciyom-90, daga ciki ta yi ƙananan janareto masu kunna fitilun gaɓar teku, amma kuran ɗin kaɗan ne kuma haɗarin babba, a 2001 wasu masu itace uku a ƙasar Jojiya sun tsinci gwangwanin sitironciyom biyu na irin janareton nan a daji suka ji ɗumi suka kwana kusa da su, jikinsu ya ƙone sosai.

Don haka ku masu sayen tsoffin ƙarafa, in kun ga ƙarfe yana ɗumi haka kawai ko yana da alamar fukafukai uku kan rawaya, kar ku fasa, kar ku kai gida. Ku ja baya, ku kori yara daga wurin, ku kira jandarma ko ƴan kwana-kwana.