Bibiyar masu lupus da kumburin gaɓɓai a asibitin ƙauye

Ba duk abin da mutanenmu ke kira sanyin ƙashi ne sanyi ba. In mace ta zo da yatsun hannayenta biyu a kumbure, suna sanƙarewa da safe sama da rabin awa, abin kuma ya haura mako 6, ko ga zubar gashi da gyambon baki da ƙuraje a kumatu masu tashi in ta sha rana a gona, to a yi zargin garkuwar jikinta ce ke yaƙar jikin, kamar yadda ake gani a lupus da irin wannan kumburin gaɓɓai. A fara duba sikila, a gwada fitsari. Furotin a fitsari alama ce ciwon ya taɓa ƙoda, don haka a rubuta mata takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Rasheed Shekoni da ke Dutse a makon nan.

In ta dawo da magani, aikinka ya fara. Methotrexate, maganin da ke rage ƙarfin garkuwar jiki, sau ɗaya ake sha a mako, ba kullum ba, kuma nan aka fi yin kuskuren da ke kisa. Ƙwayar 2.5mg ce, in likita ya rubuta 15mg, ƙwaya 6 ke nan rana ɗaya. Ka ɗaura mata shi da ranar Juma'a, ka ƙulla na kowane mako a leda daban, folic acid (ƙwayar bitamin) 5mg kuma wata rana dabam. Ka ce mata, "Inna, ko mai kemis ya ba ki Septrin, kada ki sha," domin haɗuwar wannan maganin ƙwayoyin cuta da methotrexate na durƙusar da ɓargo, jini ya ƙone. In ta ga gyambon baki ko zazzaɓi, ta dakata da methotrexate ta zo. Mai neman haihuwa sai ta daina methotrexate aƙalla wata 3 kafin ciki, da sanin likita.

Hydroxychloroquine, wani maganin da ake ba masu waɗannan ciwuka, kada ya wuce 5mg a kowane kilo na nauyinta a rana, a riƙa duba ido. Prednisolone kuwa, maganin rage kumburi, wanda ya sha fiye da mako 3 ba ya yanke shi farat ɗaya, sai a hankali.

Su irin waɗannan ciwuka ba sa warkewa, shi ke sa ma'aikaci ya sare. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan gajiya da alamu uku: ƙarewar ƙarfi, jin haushin aikin, da raguwar ingancinsa. Ranar da ka ji kana tsawa wa tsohuwa don ta mance ledarta, gajiyar ta kama ka. Ka ware wa masu waɗannan ciwuka rana ɗaya a wata, kowa da katinsa mai ɗauke da nauyi, awon jini, fitsari da magani, don abokin aikinka ya iya karɓar ka. Masu ƙwanƙwasa ƙofar gidanka bayan isha'i, in ba wahalar numfashi ko zazzaɓi ba ne, su jira safe.