An Kira Ki Tantancewar Tallafi? Kurakuran da Fargaba Ke Jefa Mutane, da Gyaransu

Duk lokacin da labari ya bazu a Zariya cewa za a sake tantance masu karɓar tallafi, barci yakan ƙaurace wa gidaje da yawa, daga Kwarbai zuwa Tudun Jukun, daga Muciya zuwa Samaru. Ban ga laifin kowa ba. Kuɗin da wani zai ce ba su taka kara sun karya ba, su ne masarar wata bazawara mai marayu, su ne maganin hawan jinin wani dattijo. Kuma mutane sun sha ganin abin yana tafiya yana tsayawa. Shirin da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 naira 5,000 ne a wata, ana haɗawa a biya 10,000 duk bayan wata biyu. A watan Oktoba na 2023 aka ƙaddamar da na naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15, a Janairun 2024 aka dakatar domin bincike, da aka dawo kuma sai aka ɗaura biyan da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Wanda ya ga duk wannan dole gabansa ya faɗi in an ce a zo a sake dubawa. Abin da ke damuna shi ne, sau da yawa ba tambayoyin ne ke kayar da mutum ba, abin da fargaba ta sa ya aikata ne. Zan yi magana da “ke” domin mata ne suka fi yawa a wannan layi, amma maza da samarin da ke raka iyayensu su ma da su nake.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar “an ce” a matsayin sanarwa. An ce duk mai talabijin za a cire shi. An ce wadda ɗanta ke achaba ta fita. An ce an riga an raba guraben. Ana jin wannan a bakin famfo, a gidan suna, a teburin mai shayi, sannan WhatsApp ya ƙara masa gishiri. Gyaran shi ne ki rage duk surutun zuwa tambaya uku: wa ya kira, a ina za a yi, me za a zo da shi. Mai unguwa da jami'in shirin a sakatariyar ƙaramar hukuma su ne za su amsa, ba maƙwabciya ba. Ofishin NASSCO ne a Abuja ke kula da rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa, kowace jiha kuma tana da sashen da ke tattara nata sunayen. Ki kuma tuna garin nan ƙananan hukumomi biyu ne, Zariya da Sabon Gari. In a Gyallesu aka rubuta ki, daga baya kika koma haya a Hayin Dogo, ki tambaya tun da wuri inda sunanki yake, kada ki wuni a layin da ba naki ba.

A cikin wannan ruɗanin ne 'yan damfara ke cin kasuwarsu, domin mai tsoro ba ya tsayawa tunani. Wani zai kira ya ce daga Abuja yake, sunanki na gab da fita, ki karanto masa lambar da banki ya turo yanzu. Wani zai zo har zaure ya ce a kawo dubu biyu ya gyara. Shiga rajista kyauta ne, tantancewa ma kyauta ce, kuma babu jami'in gaskiya da zai nemi lambar sirrin katinki ko lambar da banki ke turowa ta saƙo. Wanda ya nema, ki kashe wayar.

Inda aka fi yin asara kuwa, kuma inda aka fi yin sakaci, shi ne takardu. Mutum zai yi mako guda yana juyi a kan gado yana tunanin me za a tambaye shi, amma bai buɗe ledar da katunansa ke ciki ba sai daren tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin aikin tantancewa a yanzu gwada bayanai ne: shin sunan da ke rajista shi ne a NIN, shi ne a BVN (lambar shaidar banki), shi ne a asusun da za a tura kuɗi? Mu kuma sunayenmu suna da rassa. Mace ɗaya ce, a gida Indo, a rajista A'isha Musa da sunan mahaifi, a banki Aishatu Garba da sunan miji. Hauwa'u ta zama Kulu a wata takarda, Muhammadu ya zama Mamman. Ranar haihuwa kuma, yaron da ya cika fom ɗin farko ya sa 1 ga Janairun wata shekara, na biyu ya sa wata shekarar daban. Mai unguwa ya san duk mutum ɗaya ce, kwamfuta ba ta sani ba.

Don haka ki shimfiɗa takardun a kan tabarma tun ranar da kika ji labari, ki sa mai karatu ya duba su harafi da harafi. NIN lamba 11 ce, BVN ma 11. In takardar ta ɓata, *346# yana fito da NIN a layin da aka yi rajista da shi, *565*0# kuma yana fito da BVN, ana cire kuɗi kaɗan daga katin waya. In an ga saɓani, gyaran NIN a hannun hukumar katin ɗan ƙasa, NIMC, yake, na BVN a banki, wani lokaci sai an haɗa da takardar rantsuwa ta kotu, kuma ba a gamawa a yini ɗaya. In lokaci ya ƙure ba a gyara ba, ki je da duk takardun ki faɗi saɓanin da bakinki tun kafin a gano. Sai kuma layin waya. Da yawa lambar ɗa ko ƙane suka bayar, shi kuma ya tafi cirani Legas da layin, ko an daɗe ba a amfani da shi har kamfani ya sayar wa wani. Saƙon kuɗi can zai tafi. Wannan aikin na takardu shi ne maganin fargabar da na fi yarda da shi, domin zuciya takan lafa in hannu ya sami abin yi.

Sai maganar gaskiya, wadda ake kauce mata ta fuska biyu. Akwai masu ƙari: a kora awaki gidan maƙwabta, a aro 'ya'yan ƙanwa a ce marayu ne, a ce ba a sana'ar komai alhali kowa a layin ya san ƙosan da ake soyawa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, musamman a nan, domin amsoshin da kika bayar a karon farko suna nan a ajiye, kuma tun asali jama'ar unguwa ne suka zauna suka nuna gidajen da suka fi buƙata. Mai ƙarya kuma fargabarta biyu ce, ta tambaya da ta mantuwa. Ɗaya fuskar ta fi ba ni tausayi, ita ce ta masu rufin asiri. A tambayi dattijuwa sau nawa ake ɗora tukunya a gidanta, ta ce, “Alhamdu lillahi ɗana, muna cikin rufin asirin Allah,” alhali tun jiya da rana kunu ne a cikinta. Jami'in ba zai rubuta abin da ba a faɗa ba. Godiya ga Allah ba ta hana faɗin halin da ake ciki. Ki ce alhamdu lillahi, sannan ki ce sau ɗaya ne. Tambayoyin ma ba wasu ɓoyayyu ba ne: mutum nawa ke ci a tukunyarku, rufin ɗaki kwano ne ko azara, ina kuke ɗiban ruwa, yara nawa ke makaranta, me ake sana'antawa. In wani ya rasu, ko an haihu, ko 'ya ta yi aure tun bayan rajista, ki faɗa yadda yake.

Alkunya ma tana da nata rabon. Yaro mai riƙe da na'ura zai ce, “Inna, mene ne sunan maigida?” sai ta sunkuyar da kai ta ja bakin mayafi ta ce, “Malam.” Ya tambayi sunan ɗan fari, ta yi shiru tana wasa da zoben hannunta, layi kuma ya fara gunaguni a baya. Ba rashin sani ba ne, tarbiyya ce, kuma ba sai an karya ta ba. A rubuto sunayen mutanen gida da shekarunsu a takarda ɗaya tun daga gida, in an zo wurin ta miƙa. Ku samari masu rakiya, aikinku ke nan, amma kada ku karɓe bakin. Ku bar ta ta amsa abin da za ta iya, ku cike inda ta tsaya.

Haddace amsa kuskure ne, domin da zarar an juya tambayar sai kai ya ɗaure. Haka nan cewa “e” ga abin da ba a fahimta ba don a gama da wuri. Babu aibi a ce, “Don Allah Malam, maimaita mini da Hausa.” Kafin ki dangwala yatsa a kan komai, ki nemi a karanta miki abin da aka rubuta.

Jiki kuma ana zaluntarsa a irin wannan rana. A fita tun asuba ba karin kumallo don a kama layi, a manta da maganin hawan jini ko na ciwon suga, a cika baki da goro ko a sha shayi mai kauri, ga rana ta take. Goro da shayi suna ƙara bugun zuciya da rawar hannu, sai mutum ya ɗauka tsoron ne ya ƙaru. Wasu kuma su sayo maganin barci a kyamis daren tafiya, su wayi gari kai ya yi nauyi. Ki karya ko da koko da ƙosai ne, ki sha maganinki a kan lokacinsa, ki riƙe ruwa. In kina layi kika ji ƙirji na dukan uku-uku, baki ya bushe, ki sani jiki ne ke shirin fuskantar abin da yake tsoro, kuma yakan lafa da kansa. Ki shaƙi iska ta hanci a hankali, ki fitar da ita ta baki a hankali fiye da yadda kika shaƙa, ki maimaita na 'yan mintoci. Fitar da numfashi mai tsawo yana rage gudun zuciya. Ki haɗa da addu'ar da bakinki ya saba da ita. Tsoho, mai ciki da mai lalura su sanar da masu tsara layi tun da isowa.

Mafi muni shi ne ƙin zuwa. Tsoro ya sa a kashe waya, ko a ce ba a da lafiya, ko a tura ƙanwa ta je a madadi, alhali inda ake duba hoto ko yatsa ba a wakilci. Wanda bai bayyana ba shi ne mafi sauƙin ɗauka a matsayin wanda ya ƙaura ko ya rasu. In ciwo ne na gaske ya kwantar da ke, a aika wani ya sanar kafin ranar, ya tambayi yadda za a yi.

Bayan an gama, ki adana duk 'yar takardar da aka ba ki, a rubuta ranar da wurin. Shirin yana da hanyar kai koke, don haka in an biya wasu ba a biya ki ba, ki koma wurin jami'in ƙaramar hukuma da takardunki ki nemi a rubuta ƙorafinki, ki tambayi ranar da za ki dawo. Kada ki ci bashi da sunan kuɗin da ba su shigo ba, domin biyan yakan yi jinkiri, mai bashi kuwa ba ya jinkiri.

Akwai kuma lokacin da abin ya wuce fargabar tantancewa. In an yi makonni barci bai dawo ba, abinci ba ya shiga, kuka na zuwa ba dalili, ko zuciya ta fara raya miki cewa gara mutuwa, wannan ciwo ne da ake magani, ba raunin imani ba. Ki fara da asibitin da ya fi kusa, ko Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna. Tunanin mutuwa ba a jira da shi, ki faɗa wa wani na kusa a ranar ya raka ki. Ciwon ƙirji mai tsanani ko numfashi na sarƙewa kuma, musamman ga mai hawan jini, kada a ce tsoro ne kawai, a tafi asibiti nan take, a tafi da kwalayen magungunan da ake sha domin likita ya gani.